Wuƙa Mai Gwiwa

Duk wanda ya san Argungu ya san ƙasar ruwa ce da fadama, ƙasar masunta da manoman shinkafa da maharba. Mutanen Kabi kuwa tun zamanin Kanta sun san darajar ƙarfe. Wanda ya shiga gidan tarihi na Kanta, watau tsohuwar fadar da aka mai da ita wurin ajiye kayan tarihi a 1958, zai ga takubba da masu da kibau na mazan jiya. Amma a nan ba maganar takobi za a yi ba. Maganar wata ƙaramar aba ce wadda ta ke shiga aljihu ta ɓace, watau wuƙa mai naɗewa, irin wadda maharbi kan riƙe don yanka da fiɗa, masunci kuma don yanke igiya da gyaran kifi.

A cikin garin akwai wani dattijo, tsohon maharbi, wanda yatsansa manuni na hannun dama ba ya lanƙwasuwa. In yara sun tambaye shi abin da ya sami yatsan, ya kan yi dariya ya ce kuɗin makaranta ya biya da shi.

A watan Maris na 2020 aka yi bikin kamun kifi, bayan an yi shekaru ba a yi ba. Gari ya cika da baƙi, 'yan koli suka baza haja tun daga bakin Matan Fada har cikin gari. A nan ne jikan dattijon, wani saurayi mai sha'awar farautar zomo da zabi, ya hangi wata wuƙa mai naɗewa a tiren wani ɗan koli. Ƙotarta ta katako ce ja, an yi mata baki da farin ƙarfe mai ruwan zinariya gaba da baya, ruwanta kuwa sai walƙiya ya ke yi kamar madubi. Bai tsaya dogon ciniki ba, ya biya, ya sheƙo gida ya nuna wa kakansa.

Dattijo ya karɓa, ya juya ta a hannu, ya ce, “Abokina, ka gwada ta kafin ka biya?”

Saurayi ya ce, “Me za a gwada, Kaka? Dubi yadda ta ke ɗaukar ido. Ga suna ma an rubuta a jikinta.”

Dattijo ya ɗaga yatsan nan nasa ya ce, “Wannan ma da suna a jikinta. Zauna ka ji.”

Ga yadda abin ya faru. A shekarar 1959 dattijon nan yana saurayi, bai daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba, an ba shi takardar shaida. Daɗin karatu ya cika shi, har ba ya wuce rubutu bai tsaya ya haɗa baƙaƙensa ba, ko a jikin mota ne, ko buhu, ko gwangwani. Ran nan ya shiga kasuwa da kuɗin shinkafar da ya sayar, sai ya ga wuƙa mai naɗewa a wurin wani baƙon ɗan koli, da rubutu ɓaro-ɓaro a ruwanta. Ya ɗauka ya karanta baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi, mutane suna mamaki. Ma'anar kalmomin bai san ta ba, gama ba Hausa ba ce, amma a ransa ya ɗauka duk abin da aka rubuta ba ya ƙarya. Ya ƙirga sule 4 ya bayar.

A lokacin nan matarsa ta yi haihuwar fari, tana jego, ya kuwa yi wa surukarsa alkawarin naman daji. Bayan kwana 9 da sayen wuƙar ya yi sammako ya ƙetare fadama ya shiga daji da kwari da baka. Hantsi bai yi ba sai ga gada. Ya ɗana, ya saki, kibiya ta same ta a cinya, ta yi ɗan gudu ta faɗi. Ya isa ya iske ta tana shure-shure.

To, mai karatu ya sani, malaman fiƙihu sun ce in maharbi ya iske dabba da ranta, harbin kuwa bai sami makasa ba, ba ta halatta sai an yanka ta. Saboda haka wuƙar maharbi ba ado ba ce, ita ce tsakanin halal da mushe. Saurayin nan ya durƙusa, ya take ƙafafun gada, ya fuskantar da ita alƙibla, ya buɗe wuƙa, ya yi bisimilla, ya ɗora. Wuƙa ta yi ta zamewa a kan gashi, ba ta shiga ba. Ya ƙara dannawa. Gada ta fizge kai, ƙahonta ya bugi bayan wuƙar, sai ruwan ya komo ya rufe a kan yatsansa, ya datse jijiya har ƙashi. Kafin ya yagi bakin rigarsa ya ɗaure, dafin kibiya ya gama da gada.

Duk da haka ya saɓo ta ya kawo gida, ko da wata dabara. Limamin unguwa ya tambaye shi yadda aka yi, ya faɗi gaskiya. Liman ya ce ba ta ciwuwa. Aka ja ta bayan gari aka bar wa karnuka. Mai jego ba ta sami nama ba, ɗan koli ya riga ya ɗaure kayansa ya yi gaba, yatsa kuwa ya warke a sandare. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, da wannan yatsa ya ke riƙe fensir. Sai da ya yi wata da watanni yana koyon riƙo da babban yatsa da na tsakiya kafin rubutunsa ya sake karantuwa.

Da hannu ya yi sauƙi, sai ya ɗauki wuƙar ya kai wa wani tsohon maƙeri, abokin ubansa. Ya gaishe shi, ya ce, “Baba, duba mini abin da ya cuce ni.”

Maƙeri ya ajiye masaba, ya karɓa, ya ce, “Ɗana, tun farko ka san wannan: wuƙar da mu ke ƙerawa ƙarfe guda ce tun daga tsini har cikin ƙota. Wannan kuwa an yi mata gwiwa. Duk abin da ke da gwiwa ya san durƙuso. Don haka mai sayenta abu uku zai duba, ruwa da gwiwa da ƙota. Ni ban iya karatunku ba, amma zo in koya maka karatun ƙarfe.”

Ya ɗauki magagari ya goga kusa da bakin wuƙar. Magagari ya ci ƙarfen kamar ana kankare sabulu. Ya jawo wata wuƙa tasa ya goga, sai magagari ya riƙa zamewa yana ƙara, da ƙyar ya bar ɗan tabo. Ya ce, “Ka gani? Taka ba ta sha wuta da ruwa yadda ya kamata ba. Ko ka kwana kana wasa ta, yanka ɗaya za ta yi bakinta ya kwanta.”

Abin da maƙerin nan ya sani da hannu, masu ilmin ƙarfe sun bayyana shi a takarda. Abin da ke sa ƙarfe ya riƙe kaifi shi ne ɗan sinadarin gawayi da ke cikinsa, wanda a yawancin wuƙaƙe na kirki ya kan kama daga rabin kashi 1 zuwa kashi 1 cikin 100. In an ƙera wuƙa, sai a gasa ta ta yi ja wur, a tsoma ta cikin ruwa ko mai farat ɗaya, ta yi tauri. Sa'an nan a sake ɗumama ta kaɗan don a rage mata gautsi. In ba a yi na farko daidai ba, ta yi taushi, bakinta ya riƙa lanƙwashewa. In aka bar na biyu, ta yi gautsi, ta bugi ƙashi ta yi giɓi, ko tsininta ya karye. Wuƙar kirki tana tsakanin biyun nan. Shi ya sa maƙeranmu su ke neman tsohon sifirin mota, gama ƙarfe ne mai karɓar wannan horo.

Maƙeri ya ci gaba ya koya masa gwajin da mutum zai iya yi a tsakiyar kasuwa ba da magagari ba. Da farko a juya bakin wuƙa sama, a sa shi ya fuskanci rana. Baki mai kaifi ba ya nuna haske, don ya yi siriri ƙwarai. Duk inda aka ga farin layi yana ƙyalli, nan ya dakushe. Na biyu, a ɗora bakin a kan farcen babban yatsa a karkace, a hankali, ba tare da dannawa ba. In ya kama, da kaifi. In ya zame, babu. Na uku shi ne babba. Kowace wuƙa tana iya yin kaifi ranar kasuwa, abin tambaya shi ne ko za ta riƙe shi. Sai a nemi guntun igiyar rama a yanka kamar sau 10, sa'an nan a sake gwada ta a farce, ko a ga ko za ta aske gashin hannu. Wadda ta dakushe a kan igiya ba za ta gama fiɗar gada ba.

Daga nan ya komo kan gwiwa. Ya buɗe wuƙar sarai, ya kama ruwan da tsumma, ya girgiza shi dama da hagu, sai ga shi yana kaɗawa kamar haƙorin tsoho. Ya ce ƙusar da ta haɗa ruwa da ƙota ta yi sako-sako, in kuwa sabuwa tana kaɗawa, to, tsufanta ba zai yi kyau ba. Sa'an nan ya riƙe ƙotar ta gefe, ya janye yatsunsa duka daga hanyar da ruwan ke bi in zai rufe, ya ɗan bugi itace da bayan wuƙar. Nan take ta durƙusa. Ya ce, “Da ka yi wannan a gaban ɗan koli, da yatsanka na nan.” Ya ƙara da cewa in an rufe wuƙa a duba ko ruwan ya kwanta a tsakiyar ƙota ba ya gugar gefe, a kuma shafa a ji ko tsini ya ɓuya. Tsinin da ya leƙo waje ya kan huda aljihu, wata rana ya hudi cinya.

Game da ƙota kuwa, ya ce kada a gwada ta da busasshen hannu. Maharbi da jini ya ke aiki, masunci da ruwa da yauƙin kifi. A jiƙa hannu a riƙe, a ji ko tana sulɓi. A duba ƙusoshinta ko sun lafe, kada su ci tafin hannu. A duba ko akwai rata tsakanin katako da ƙarfe, gama nan jini da ƙasa kan maƙale, su jawo tsatsa da wari.

Wannan shi ne karatun da dattijo ya ce ya biya da yatsa. Bayan haka ya yi haƙuri har ya sami wata wuƙar Jamus, marar ado, mai wani zobe a bayanta, wadda in an buɗe ta kan kulle, ba ta rufuwa sai an ja zoben. Ya yi mata gwajin nan duka a gaban mai ita, sa'an nan ya ba da sule 6. Da ya kawo nan a labarinsa sai ya sa hannu a aljihu ya fito da ita. Ƙota ta yi baƙi don shan hannu, ruwan ya sirance saboda washi har ya koma kamar ganyen dawa, amma da ya buɗe ta sai ta ce ƙas, ta tsaya cik.

Sunan wannan wuƙa Okapi. An fara ƙera irinta a garin Solingen na Jamus a 1902 don a sayar a Afirka, a 1988 kuma aka mai da aikinta Afirka ta Kudu. Sunan na wata dabba ce ta kurmin Kwango, 'yar'uwar raƙumin dawa. Ba ita kaɗai ce ta yi suna ba. Akwai Douk-Douk, wadda a ke yi a garin Thiers na Faransa tun 1929, ta kuwa bazu a ƙasashen da Faransa ta mulka. Ƙotarta fallen ƙarfe ne aka naɗe, ba ta da makulli, ƙarfin sifirinta ne ke riƙe ta. Akwai Opinel, ita ma ta Faransa, tun 1890, mai ƙotar katako, wadda a 1955 aka ƙara mata wani zobe a wuya da a ke murzawa ya kulle ruwan. Sai dai katakonta ya kan kumbura in ya sha ruwa, ya matse ruwan wuƙar, abin da masunci ya kamata ya sani ke nan. Akwai kuma Buck 110, wadda ta fito a Amurka a 1964, aka yi ta musamman don maharba, mai makulli a gadon baya. Ta sami karɓuwa ƙwarai, har masu kwaikwayo a ƙasashe da yawa suka yi ta fitar da masu kama da ita. Siffar wannan ce wuƙar jikan ta ɗauko.

Saurayi ya ce, “To, Kaka, ai taka tana tsatsa, tawa kuwa an ce ba ta yi.”

Dattijo ya ce gaskiya ne, wannan kuma abin dubawa ne. Baƙin ƙarfe irin na da yana saurin ɗaukar kaifi a kan kowane dutsen washi, amma yana son kulawa, a goge shi a shafa masa mai bayan aiki. Ƙarfe marar tsatsa kuwa wani mutumin Sheffield ta Ingila, Harry Brearley, ya gano shi a 1913, ana haɗa shi da wani sinadari da a ke kira kuromiyam, fiye da kashi 10 cikin 100. Ga wanda ke wuni cikin gulbi, wannan alheri ne babba. Amma rashin tsatsa ba shi ne kaifi ba. Cokali ma ba ya tsatsa, ba a kuwa yanka da shi.

Sa'an nan suka shiga gwaji. Suka duba baki a rana, ba laifi. Suka yanka igiya, ta yanka 6 da kyau, daga nan ta fara taunawa. Dattijo ya girgiza ruwan, ya ji ɗan motsi. Ya janye yatsunsa, ya bugi turmi da bayanta. Bugu na farko ta tsaya, na biyu makulli ya zame, ruwan ya faɗo rabi. Saurayi ya dubi yatsan kakansa, ya yi shiru.

Dattijo ya ce, “Saura karatu. Idona ya yi rauni, kai duba mini. Rubutun nan huda shi aka yi cikin ƙarfe, ko shafa shi aka yi a sama?” Saurayi ya kankara da farce, sai baƙi guda ya goge. Ya ƙura ido, sai ya lura sunan da ke jikin kwali da wanda ke jikin wuƙa ba su zo daidai ba, an sauya baƙi ɗaya, ba a kuwa rubuta ƙasar da aka yi ta ba. Dattijo ya yi murmushi ya ce, “Ka ga amfanin karatu. Ni da na karanta baƙaƙe na tsaya nan. Kai ka karanta ka gwama. Rubutu shaida ne, amma shaida ma a kan bincika shi.”

Tun da bikin bai watse ba, suka koma wurin ɗan koli tare. Dattijo bai ɗaga murya ba. Ya yi sallama, ya ce, “Malam, ga hajarka, ga kuma aibinta,” ya nuna masa yadda makulli ke zamewa. Ɗan koli ya rantse shi ma haka ya saro ta cikin kwali, bai taɓa buɗewa ba. Mai yiwuwa ne gaskiya ya faɗa, gama da yawa cikin masu sayarwa cinikin biri a sama su ma su ke yi. Ya yarda su zaɓi wata. Suka gwada 5, suka ajiye 4. Wadda ta ci gwaji ita ce mafi ƙarancin ado a tiren, baƙar ƙota gare ta mai kaushi, har da ɗan canji aka mayar wa saurayi.

A kan hanyar komawa gida dattijo ya yi masa lissafi. Wuƙar sule 4 ta yi kwana 9, ta tafi da gada da yatsa. Wuƙar sule 6 ta shekara 61, ta ga zamanin fam da sule, ta ga shigowar naira a 1973, ga ta nan tana aiki. Wace ce mai tsada a cikinsu? Kuɗin abu daban, darajarsa daban. Kuɗi a bakin mai sayarwa ya ke, daraja kuwa sai an raba kuɗin da yawan shekarun da abin zai yi, a kuma sa hasarar da zai jawo in ya ci amana. Wannan ba ya nufin mai tsada ita ce mai kyau kullum, ga shi yau sun sami ta kirki da rangwame. Abin nufi shi ne kada farashi ya yanke hukunci, ko ya yi sama ko ya yi ƙasa.

Ya kuma gargaɗe shi da abu guda. Wuƙa mai naɗewa, kome kyanta, don sauƙin ɗauka aka yi ta. Ta isa yankan zabo da zomo, da fiɗar ƙaramar dabba, da gyaran kifi. Amma ba a saran ƙashi da ita, ba a ɓanɓare murfin gwangwani da tsininta, ba a haƙa rami. In aikin babba ne, kamar ragon layya ko giwan ruwa, sai a nemi wuƙar maƙeri mai kube, wadda ba ta da gwiwar durƙusawa. Wanda ya ɗora wa ƙaramar wuƙa aikin gatari, kada ya zargi wanda ya ƙera ta.

To, mai karatu, in ka shiga kasuwa, ko ta Argungu ko ta Birnin Kabi ko wata, ka ga wuƙa tana walƙiya, kada ka ji kunyar gwaji. Ka dubi baki a rana, ka yanka igiya, ka girgiza gwiwa, ka bugi baya da yatsunka a gefe, ka riƙe ƙota da jiƙaƙƙen hannu, sa'an nan ka karanta rubutu a tsanake. Mai haja ta gari ba ya ƙin a gwada. Wanda ya hana ka gwaji kuwa ya riga ya gaya maka abin da ka ke son sani.

Da suka isa gida, saurayi ya roƙi kakansa ya ba shi tsohuwar wuƙar nan ta zama tasa. Dattijo ya mai da ita aljihu ya ce, “Abokina, ka riƙe taka shekara 10 tukuna ba tsatsa ba giɓi. Ita ma wannan tana so ta gwada mai ita kafin ta yarda.”